Yadda Ake Zama Kocin Yara a Katsina, da Yadda Ake Tsara Musu Lokacin Atisaye

Tambayoyi biyu ne suka fi yawan zuwa mini daga matasan da suka taɓa taka leda kuma suke son komawa bakin layi. Ta farko, ta ina ake farawa idan mutum yana son aikin koci ya zama sana'arsa? Ta biyu, sau nawa a mako ya kamata yara su fito fili, kuma na tsawon wane lokaci? A wurina tambayar guda ce. Wanda bai iya tsara lokacin yara ashirin a Ƙofar Marusa ko Sabuwar Unguwa ba, lasisi ba zai gyara shi ba. Na ɗauki ƙwallon ƙafa ne don ita ce ta cika filayenmu, amma yawancin abin da ke nan zai yi wa kocin guje-guje ko ƙwallon hannu amfani.

1. Fara a ƙarƙashin wani

Kada ka buɗe taka ƙungiyar a makon da ka yanke shawara. Nemi kocin da ya daɗe yana riƙe da yara, ka ce masa, "Koci, ina so in riƙa taimaka maka." Ka ɗauki ragar ƙwallaye, ka jera alamomi, ka riƙe littafin suna, har kaka guda ta zagayo. Manu Garba yana cikin mataimakan Yemi Tella lokacin da 'yan ƙasa da shekara 17 na Najeriya suka ci kofin duniya a 2007, sai a 2013 ya ci nasa yana shugaba. Emmanuel Amuneke kuma yana cikin mataimakan Manu a 2013, ya ci nasa a 2015.

Gargaɗi: iya buga ƙwallo daban, iya koyar da ita daban. Tsohon ɗan wasan da ya fi kowa gwaninta shi ne sau da yawa ya fi saurin fusata idan yaro ya kasa tare ƙwallo, domin shi bai taɓa sanin wahalar abin ba.

2. Fili da izini

Fili kafin yara. Filin makarantar firamare ko sakandare ta unguwa ya fi fegin da babu gini, don fegi yana da mai shi, kuma ranar da aka sauke bulo ƙungiyarka ta watse. Ka je wurin hedimasta da takarda a rubuce mai ɗauke da ranaku da sa'o'in da kake so, ya sa hannu, ka riƙe kwafi. Daga nan ka gaida mai unguwa ka sanar da shi. Wannan gaisuwar ita ce za ta cece ka ranar da ƙwallo ta fasa gilashin motar wani ko samarin unguwa suka ce filin nasu ne.

Kafin atisayen farko, kai da yaran ku jeru kafaɗa da kafaɗa ku taka filin daga wannan raga zuwa waccan, kuna tsince kwalba, ƙusa, ƙaya da duwatsu. A maimaita duk mako.

Gargaɗi: turken ragar ƙarfe da ba a kafe shi a ƙasa ba yana iya faɗo wa yaro idan ya yi lilo a jikinsa. A kafe shi ko a kwantar da shi bayan an tashi.

3. Iyaye, shekaru da lafiya

Yaron da ya zo da kansa ya ce Babansa ya yarda, ka ce masa madalla, gobe za ka je ku gaisa. Ka je da ƙafarka. Ka faɗa wa uban ranakun atisaye, lokacin tashi, da alƙawarin cewa ƙwallo ba za ta ci lokacin boko ko Islamiyya ba. Ka karɓi lambar waya biyu, ta uba da ta wani babba a gidan.

Sai littafi, wanda shi ne kayan aikinka mafi daraja. Kowane yaro da shafinsa: cikakken suna, ranar haihuwa kamar yadda take a takardar Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, makaranta da aji, ranar da ya shigo, da duk ciwon da aka san yana da shi. Tambayi uwa musamman game da sikila, asma, farfaɗiya, da ko ya taɓa suma yana cikin gudu. Mai irin wannan tarihi ba korarsa za ka yi ba, amma sai likita ya duba shi ya faɗi iyakar abin da zai iya.

Gargaɗi: kada ka rage wa yaro shekaru, kada kuma ka bari a rage masa a gabanka. Tun 2009 FIFA take amfani da hoton ƙashin wuyan hannu na MRI wajen tantance 'yan ƙasa da 17, kuma an sha sallamar yara daga sansanin Najeriya saboda shi. Ko ba a kai can ba, saurayi mai shekara 19 da aka sa cikin 'yan 14 yana karya ƙananan, shi kuma ba ya ƙaruwa da komai don babu mai matsa masa.

4. Kayan aiki da kuɗinsu

Farashi yana sauyawa kusan duk wata, don haka abin da ya fi amfani shi ne ka san abin da za ka fara saya. Ƙwallaye ne farko, kuma a nan mafi yawan kuɗinka zai tafi. Lamba 3 ga 'yan ƙasa da shekara 8, lamba 4 ga 'yan 8 zuwa 12, lamba 5 daga 13 zuwa sama. Ƙwallo mai lamba 5 nauyinta giram 410 zuwa 450 ne, ta yi wa ƙafar ɗan shekara bakwai yawa. Ka yi ƙoƙarin samun ƙwallo ɗaya ga kowane yara biyu. Guda goma masu matsakaicin kuɗi sun fi guda biyu masu tsada, domin ƙasar filayenmu tana cinye fatar kowace iri ce.

Bayan ƙwallaye: famfo da allurarsa, usur, agogo (na waya ya isa), riguna marasa hannu kala biyu don raba ɓangare, da akwatin taimakon gaggawa mai bandeji, auduga, filasta, ruwan wanke ciwo, safar hannu da gishirin ORS. Alamomin jerawa a fili ba sai ka saya ba, robobin lemo da aka cika da yashi suna yin aikin. Jesi mai lamba da suna shi ne na ƙarshe, ko da yake shi ne sababbin kociyoyi suke fara kai wa tela.

Kuɗin da ba ya ƙarewa shi ne na ruwa. Ka lissafa aƙalla lita ɗaya ga kowane yaro a kowane atisaye. Ledar fiya wata rabin lita ce, jaka kuma tana da ashirin, ke nan yara ashirin jaka biyu. A bazara ka ƙara. Jarka mai tsabta da ruwa mai kyau daga gida ta fi sauƙi idan kowane yaro zai zo da gorarsa.

Idan za a yi karo-karo, a yanke adadin a gaban iyaye. Misali, yara 20 kowa naira 200 a mako, 4,000 ke nan. Ka sa wani uba ya riƙe kuɗin, kai ka riƙe lissafi.

Gargaɗi: kada kuɗi ya zama hanyar samun shiga wasa. Ranar da yara suka gane ɗan mai kuɗi ne kullum yake farawa, ka rasa su, ko da suna ci gaba da zuwa.

5. Awa nawa a mako

Nan ne aka fi yin ɓarna, kuma da kyakkyawar niyya ake yin ta. Koci yana ganin idan yara suka fito kullum, safe da yamma, za su riga kowa ƙwarewa. Abin da ke biyo baya shi ne ciwon gwiwa da na diddige, gyangyaɗi a aji, sannan wata rana uba ya hana yaron fitowa gaba ɗaya.

Akwai ma'auni mai sauƙin riƙewa da likitocin wasanni suke bayarwa: sa'o'in atisaye da wasa da aka tsara wa yaro a mako kada su wuce yawan shekarunsa. Ɗan shekara goma, kada ya wuce awa goma. Wannan iyaka ce ta can sama, ba abin da za ka yi ƙoƙarin cikawa ba ne. Suna kuma ba da shawarar hutun kwana ɗaya ko biyu a kowane mako, da hutun da ya kai wata biyu zuwa uku a shekara daga wasa iri ɗaya, ana rarraba shi.

Ga rabon da nake ganin ya dace da yaranmu:

- 'Yan 6 zuwa 8: sau biyu a mako, minti 45 zuwa awa ɗaya. Wasa biyar-biyar.
- 'Yan 9 zuwa 12: sau uku, awa ɗaya zuwa awa da kwata. Bakwai-bakwai, manyansu tara-tara.
- 'Yan 13 zuwa 15: sau uku ko huɗu, awa ɗaya da rabi, da wasa ɗaya a mako. Daga nan ake shiga sha ɗaya-sha ɗaya.
- 'Yan 16 da 17: sau huɗu, in ta kama biyar, awa ɗaya da rabi.

Wani zai ce wannan ya yi kaɗan. Ka tuna yaron Katsina ba a filinka kaɗai yake motsa jiki ba. Ya taka zuwa makaranta, ya ɗebo ruwa, ya je aike kasuwa, ya buga ta layi da abokansa ba takalmi. Da damina wasu sun yi sassafe a gona, musamman a Daura da ƙauyukan da ke kewaye. Duk wannan jiki ɗaya ne yake ɗauka. Ƙwallon layi kuwa kada ka hana, a can suke koyon yanka da dabarar da ba a koyarwa da usur.

Sai barci. Yaro ɗan 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12, ɗan 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Wanda ya zauna gidan kallo har wasan Turai na dare ya tashi, sannan ya farka da asuba, bai samu ba. Ka sa wannan cikin dokokin ƙungiya, ka kuma faɗa wa iyaye don su suke da ikon dare.

Gargaɗi: tsakanin shekara 11 da 15 yara suna yin tsawo farat ɗaya. A lokacin za ka ga wanda ya iya ƙwallo ya koma kamar bai taɓa bugawa ba, yana kuma kukan ciwo a ƙasan ƙoƙon gwiwa. Ba lalaci ba ne. Rage masa gudu da tsalle na wasu makonni, in ciwon ya ƙi tafiya a kai shi asibiti.

6. Wane lokaci na rana, wane lokaci na shekara

Ranar yaro a nan a cike take: boko da safe, Islamiyya da yamma ko da dare, wani ma da allo bayan asuba. Ka zauna da takarda ka rubuta jadawalin makarantun da yawancin yaranka suke zuwa, sai ka nemi gurbin da ya rage. Makarantun allo da Islamiyyu da yawa suna hutu Alhamis da Juma'a, don haka yammacin waɗannan ranaku biyu su ne ginshiƙin makonka. Rana ta uku ka nemo ta a ƙarshen mako, gwargwadon lokacin da Islamiyyar unguwarku ta bari. Idan ka gaida malamin Islamiyya ka nuna masa jadawalin tun farko, za ka samu abokin aiki. Idan yara suka fara gudun karatu da sunanka, ka samu wanda iyaye za su fi saurara a kanka.

Tsakanin la'asar da magariba ake yi, kuma wannan tsakanin ba ɗaya ba ne duk shekara. A watan Disamba rana tana faɗuwa jim kaɗan bayan ƙarfe shida, a Yuni da Yuli kuwa tana kaiwa wajen bakwai. Ka tashi yara aƙalla minti ashirin kafin kiran salla, su isa gida da haske. Yaron da ya shiga gida bayan magariba da ƙura har gira, sau biyu kawai zai yi haka kafin a hana shi.

Bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi yana haura digiri 40 a Katsina. Kada a fara kafin ƙarfe biyar, ko a koma sassafe a ranakun da babu makaranta. A rage tsawon atisaye, a tsaya shan ruwa duk minti 15 zuwa 20 ko da ba wanda ya ce yana jin ƙishi. Hana ruwa don wai a "ƙarfafa" yaro jahilci ne mai iya kisa.

Gargaɗi: yaron da ya fara jiri, amai, ciwon kai ko magana ba kan gado a cikin zafi, a kai shi inuwa nan take, a cire masa riga, a kwara masa ruwa ana yi masa fifita. Idan hankalinsa ya gushe ko ya rikice, asibiti kai tsaye, ana ci gaba da jiƙa shi a hanya, kuma ba a ɗura wa wanda ya suma ruwa a baki.

Da damina, da zarar an ji tsawa a bar fili, kada a fake ƙarƙashin bishiya, kuma a jira minti 30 bayan tsawa ta ƙarshe. Da hunturu a tsawaita ɗumama jiki, ranar da ƙura ta rufe gari masu asma su huta. Da azumi, manyan da suke ɗauka a ba su atisaye mara nauyi na minti 30 zuwa 40 dab da shan ruwa, ko a mayar da watan ya zama ɗaya daga cikin hutun shekara, wanda ni shi na fi so. Makon jarrabawa kuma a rufe fili. 'Yan aji shida na sakandare masu WAEC da NECO a sallame su har su gama.

7. Yadda ake cika awa ɗaya da kwata

Ka iso kafin yara da minti goma sha biyar, ka jera komai, tsarin ranar yana rubuce a takarda a aljihunka. Darasi ɗaya a rana: yau ba da ƙwallo, jibi tarewa da juyawa.

Minti 15 na farko ɗumama jiki. FIFA tana da tsarin da ake kira 11+, mai ɗaukar kamar minti 20, da wani na ƙananan yara, kuma bidiyonsu yana YouTube kyauta. Minti 20 na gaba ƙwarewa, kowane yaro ko kowane biyu da ƙwallonsu. Minti 15 ƙaramin wasa mai sharaɗi, kamar uku da uku a ɗan fili, taɓawa biyu kawai. Minti 20 wasa sosai, ka yi shiru ka bar su su buga. Biyar na ƙarshe a miƙe jiki, a yi magana gajeriya, a tattara kaya. Shan ruwa yana shiga tsakanin kowane kashi.

Kuskure uku ne suke cinye lokaci. Dogon layi, inda yara goma sha biyar suke jiran ɗaya ya buga raga. Doguwar lacca, alhali bayanin da ya wuce minti ɗaya ya riga ya bi iska. Da zagayen fili sau goma, wanda yara suke tsana kuma bai koya musu komai ba. Ka gwada wannan: zaɓi yaro ɗaya a ɓoye, ka ƙirga sau nawa ya taɓa ƙwallo cikin minti goma. Abin da ka samu shi ne makin atisayenka.

Gargaɗi: ƙananan yara ba sa buƙatar atisayen sa kai. Hukumar ƙwallon Amurka ta hana shi ga 'yan shekara 10 zuwa ƙasa tun 2015. Duk yaron da ya bugu a ka ya ji jiri ko ya rikice, ya gama wasa a ranar, sai likita ya gan shi. Bulala, zagi da tsallen kwaɗo a matsayin horo ba su da wuri. Kada kuma ka keɓe da yaro ɗaya a ɗaki ko a tafiya, kullum a samu wani babba tare da ku. Idan 'yan mata kake koyarwa, dole a samu mace babba a fili.

8. Takardun da ke mayar da kai ƙwararre

Fara da kwas na taimakon gaggawa, irin wanda Red Cross take bayarwa. Sannan ka je ofishin hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha ka gabatar da kanka, ka shiga ƙungiyar kociyoyi, don ta nan sanarwar kwas take fitowa. Lasisin koci na CAF, hukumar ƙwallon ƙafa ta Afirka, hawa-hawa ne: D, C, B, A, sai Pro a sama. NFF, hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, ita ce take shirya kwasa-kwasan a Najeriya, D kuma shi ne ƙofar shiga kuma shi ya dace da mai koyar da yara. Akwai kuma Cibiyar Wasanni ta Ƙasa, NIS, a Surulere ta Legas, mai ba da shaidar koyar da wasanni daban-daban. Mai son aikin albashi a makaranta ya nemi NCE ko digiri a fannin motsa jiki da lafiya. Ana yin sa a kwalejojin ilimi, da jami'o'i irin su Bayero a Kano da Ahmadu Bello a Zariya.

Kuɗin kwas ba shi ne kaɗai ba. Ka lissafa mota, masauki da abinci na duk kwanakin, sau da yawa su ne suke fin kuɗin fom.

Gargaɗi: kada ka tura kuɗin kwas asusun wani mutum don ka ga sanarwa a WhatsApp. Tabbatar daga ofishin hukumar jiha tukuna.

9. Rajista, da inda kuɗin sana'ar yake

Gaskiya ita ce shekarun farko aljihunka ne zai riƙa ciyar da ƙungiyar, saboda haka kada ka saki ɗinkinka ko shagonka. Hanyoyin samu suna zuwa a hankali: makarantu masu zaman kansu da ke neman malamin wasanni, kuɗin wata daga iyayen da suka ga tsari, sannan matakan lig, daga na jiha zuwa na ƙasa: NLO, sai NNL, har NPFL, babbar gasar Najeriya. Ka riƙa zuwa filin Muhammadu Dikko idan Katsina United tana wasa, da biro da takarda, ka kalli yadda ake ɗumama jiki da yadda ake canji.

Ka yi wa ƙungiyarka rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, da hukumar ƙwallon jiha, ka kuma tabbatar sunan kowane yaro ya shiga rajistar hukuma a ƙarƙashin ƙungiyar. Dalili: a dokar FIFA, idan aka sayar da ɗan wasa zuwa kulob na wata ƙasa, kashi 5 cikin 100 na kuɗin ana raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da kashi 0.25 cikin 100 na kuɗin da aka sayar da shi, daga 16 zuwa 23 kuma kashi 0.5. Yaron da ya yi shekaru huɗun farko a hannunka, aka sayar da shi dala miliyan ɗaya, rabon ƙungiyarka dala 10,000 ne. Amma abin da rajista ta nuna ake bi, ba hoton da kuka ɗauka tare ba.

Gargaɗi: dokar FIFA ta hana kai ɗan ƙasa da shekara 18 wani kulob a ƙasar waje, sai a wasu 'yan yanayi ƙalilan da ba su cika shafar yaranmu ba. Duk dillalin da ya zo ya ce zai kai ɗan shekara 15 gwaji Turai idan uba ya sayar da gona ya biya kuɗin biza, ka nemi lasisinsa na FIFA da takardar gayyatar kulob ɗin, ka kai su ofishin hukumar jiha a duba kafin uban ya fitar da ko sisi.